Hoton da Mama Za Ta Tarar

Kochi, 9 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Na rubuto ne don na san waya ba ta kama ka a gida. Yaya gwiwar? Goggo Tomie ta ce har yanzu kana hawa tudu da jakar kyamara a kafaɗa kamar ɗan shekara ashirin, in an yi magana ka ce likita bai san ƙashinka ba. Ni lafiya lau. Furannin bakin kogi sun gama zuba, zafi ya fara leƙowa.

Baba, na ci jarrabawar. Ranar sha biyu ga watan gobe zan fara tuƙa jirgin titi, wannan mai bin dogo a cikin gari, ni kaɗai, ba malami tsaye a bayana. Dattijo Nakahira, wanda ya koya mini tuƙin, ya kira ni ya ce, “Yarinya, birkinki ya daina kayar da tsofaffi. Je ki.” A bakinsa wannan yabo ne da ba kowa ke samu ba. Sun ba ni hula da farar safar hannu. Hular ta ɗan yi mini yawa, na cusa takarda a ciki.

Ga abin da nake roƙo. Ka tuna a asibiti Mama ta ce ba abin da take so irin ta gan ni da hular nan, ta kuwa tafi ina tsakiyar koyo. Ina so ka zo ranar farko ka ɗauke ni ina tuƙi. Sai mu sa hoton a akwatin magabata, inda muke ajiye hotunan mamatanmu, kusa da nata, in ta zo gida lokacin Obon, bikin da matattu ke ziyartar gida, ta tarar da shi. Akwai mai hoto a kamfani, amma ban ga dalilin da baƙo zai ɗauke ni ba alhali ubana ya shekara talatin yana bin jirage da kyamara.

Ka rage gishiri. Ka gaida Goggo.

'Yarka,
Chizuru

Sakai, 15 ga Afrilu

Chizuru,

Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye a ƙofar shago, na sake karanta wa ma'aikata da ƙarfi har mai walda ya kashe wuta. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan inda take. Goggonki ta ji da hawan jininta ta bar mini ƙafata.

Ban yi mamaki ba. 'Yar wa ce ke? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da na sauka tashar Osaka da takardar sakandare da jaka ɗaya, na fara da share ɓurɓushin ƙarfe a shagon wani, yau ki shiga duk gidan taliyar da kika ga dama daga nan har Kishiwada, bahon wanke-wanken da ke kicinsu aikin hannuna ne. Ba wanda ya ba ni. Ke ma ba wanda ya ba ki. Da kika bar aikin banki kika ce za ki haye teku ki tuƙa jirgi, mutane sun yi ta surutu, ni ban damu ba, don na san jinin.

Zancen hoto kuwa ya kwana gidan sauƙi. Mai hoton kamfani? Wanda ke ɗaukar hoton katin shaida? Kada in ƙara ji.

Amma ki amsa mini waɗannan. Wane tarago za su ba ki, lamba nawa? Ƙarfe nawa za ki hau gadar kogin Kagami, kina fuskantar gabas ko yamma? Kada ki ce mini “da safe”. Da safe ba lokaci ba ne. Dole rana ta kasance a bayan ƙeyata tana dukan goshin jirgi, in ba haka ba an yi asarar fim. In da hali su wanke taragon, ki ce ubanki ne ya roƙa.

Zan zo da Oguri, tsohon likitan haƙoran nan na ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton jirage, mai kyamara mai tsada da ido mai araha. Ba don zai taimaka ba, don dai ya ga yadda ake yi. Na ba shi labarinki ya ce, “To, Hatanaka, ka samu 'yar gida, sai ka riƙa hawa kyauta.” Na ce, “Hawa? Ni? Wanda ya hau jirgi ai bai ga jirgi ba, bayan kujera ya gani.” Jirgin nesa dole ne, shi ke kai ni inda zan je. Amma na titi, tunda nake ɗaukarsu ban taɓa zama cikin ko ɗaya ba, ba kuma da furfura zan fara ba.

Na kunna wa uwarki turare na gaya mata. Hula kuma ki sa su canja miki, direba ba ya yawo da takarda a ka.

Ubanki,
Hatanaka Kiyoji

Sakai, 19 ga Mayu

Chizuru,

Ina gaishe ki, da fatan aiki na tafiya daidai. Ni lafiya, sai 'yar mura da iskar koginku ta sa mini.

Ki buɗe kwalin a hankali, kada ki taɓa fuskar hoton da yatsa. Na sa an wanke shi babba, guda biyu, ɗaya naki, ɗaya na uwarki.

Ba yabon kai ba, ban taɓa samun irinsa ba. Tun da sassafe na kafa ƙafar kyamarata a gindin gada na kama wuri. Wasu ɗalibai daga Okayama suka iso suka tarar an riga su, suka sunkuya suka koma bayana, kamar yadda ake yi. Dubi aikin da kyau. Tarago 613 cikakke, daga goshi har wutsiya, ba abin da aka yanke. Inuwar falwaya ba ta faɗo masa ba. Ba mota, ba keke. Wata mata da lema ta taho za ta shigo mini, na je na roƙe ta da ladabi, ta dakata. Ga duwatsu a baya. Sannan ki dubi gilashin gaba: sararin sama ne gaba ɗaya ya sauko ya zauna a ciki, har da farin gajimare. Oguri ya ce in ɗaura wa idon kyamara gilashin nan mai kashe ƙyalli. Na ce, “Likita, ka tsaya ga haƙori. Ƙyallin ai shi ne hoton.” Ko mutum ɗaya babu a ciki. Tsaf, kamar an wanke duniya. Shugaban ƙungiya ya gani ya ce a bakin ƙofa za a rataye shi a baje-kolinmu na kaka. Oguri har yanzu bai dawo daidai ba.

Tuƙinki ba laifi. Kin shigo gadar a natse, tarago bai yi rawa ba. Mai ido in ya gani zai san hannun kirki ne a ciki.

Ban tsaya ba saboda kina kan aiki, mai aiki kuwa ba a tsayar da shi. Ga kuma fim a aljihu cikin zafin nan, gara in kai shi wurin mai wankina da wuri.

Jibi zan tafi arewa. Akwai tsofaffin taragu a Hokkaido da nake so in kama kafin a ajiye su. Zan yi makonni. Goggonki za ta riƙa kwashe mini takardu.

Ubanki

Kochi, 24 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Sannu da mura, ka sha ruwan zafi da citta. Na rubuta wa Goggo a bayan ambulan ta tura maka wannan duk inda kake.

Hoto ya iso. Na baje shi a kan tebur na yi ta nema. Na kai shi bakin taga na sake nema. Na ga 613, na ga duwatsu, na ga gajimare. Ina nake?

Na kai shi wurin aiki, don na riga na cika baki cewa ubana gwani ne. Aka zagaye shi. Wani bakanike ya ce, “An fito da taragonmu kamar amarya.” Wani ya ce, “To wa ke tuƙi, gajimare?” Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Dattijo Nakahira bai yi ba. Ya miƙo mini ya ce in ajiye kada ya yi datti.

Na gan ka, Baba. Tun daga kwana na hango hularka. Na ratsa gadar nan, na je na zagayo na sake ratsawa, ko hannu ba ka ɗaga mini ba, ko kai ba ka gyaɗa ba. Da na tashi aiki na sayi gasasshen katsuo, kifin da kake so, na ruga tasha da kayan aiki a jikina don mu ci tare. Aka ce jirginka ya daɗe da tafiya. Ni kaɗai na cinye, na mutum biyu.

Me zan nuna wa Mama? Ta san jirgi. Duk zamanku tana kallon jirage a bangon falo, a kicin, har a bayi. Ni ta ce tana son gani.

Ka rataye naka a baje-koli. Na uwata kuwa ka bari, zan sa mai hoton katin shaida ya ɗauke ni.

Chizuru

Hakodate, 2 ga Yuni

Chizuru,

Gaisuwa daga arewa. Ina lafiya, sanyin nan ya kori mura. Ina wani ɗan masauki kusa da tashar jiragen ruwa, matar gidan tana ɗura mini ɗanyen kifi da safe har sai na ce ya isa.

Garin nan kamar don mai kyamara aka gina shi: titi ya gangaro daga tudu ya faɗa teku, jirgi ya gifta a ƙasa. Mutane ne suka ɓata shi. Jiya na tsaya tun safe ina jiran wani tarago mai jikin katako, rana ta daidaita, ya taho, ina shirin dannawa, sai aka faɗo gabana ana ɗaga yatsu biyu ana washe baki. Na sha faɗa, zan kuma ƙara: mutum a hoton jirgi ƙuda ne a miya. Komai kyansa, cire shi ake yi. Wanda yake son a ga fuskarsa, ga mai hoton katin shaida can.

A masaukin akwai wani saurayi cikin 'yan hawa, irin masu zagaye ƙasa a kujera suna sauraron ƙarar inji. Ya ce, “Baba, ka taɓa jin kukan da yake yi a kwana?” Na ce, “Ɗana, in kuka nake so, ai da na zauna gida da ƙanwata.” Ya ce wai aikinmu kamar mutum ya auri mace ne ya tsaya yana kallonta daga tsallaken titi. Yaran yanzu ba kunya. Na saya masa shayi duk da haka.

Daga nan sai Sapporo. Na yi ta tunanin hoton gadar nan, kullum ina ƙara tabbata ba kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ki nemi hutun Obon tun yanzu, kafin manya su kwashe.

Ubanki

Kochi, 8 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da mura ta tafi.

Na samu amsarka, na kuma gane. Ƙuda ba zai ƙara faɗa maka a miya ba.

Obon ya zo dab da bikin rawa na Kochi, ana neman direbobi, na ba da sunana. Ba zan zo ba bana. Zan kunna wa Mama turare a nan. Ta san hanya, ita ba sai rana ta koma bayan ƙeyarta za ta gan ni ba.

Damina ta sauka. Ka kula da gwiwa.

Chizuru

Sakai, 27 ga Yuni

Chizuru,

Na dawo jiya. Lafiyata ƙalau, in har wani ya damu ya sani. Ina fata ke ma haka.

Takardunki biyu na tarar a kan tebur ƙarƙashin kwanon lemo. Goggonki ba ta tura mini komai ba, ta ce ina za ta tura wa mutumin da yau yana nan gobe yana can. Wato abin da na rubuto daga Hakodate ba amsa ba ce, ban ma san akwai tambaya ba. Ƙudan da nake nufi wasu ma'aurata ne daga Tokyo. Yaushe na taɓa kiran 'yata ƙuda? Na karanta wa Goggonki taki, ta ce, “Yaya, kai dai da bakinka. Ko makaho ya san fuskarta yarinyar nan take so a gani.” Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Yanzu ki saurara, don ni ma ina da tawa. Kin ce ban ɗaga hannu ba. Ba zan ɗaga ba, ko gobe. Mu masu ɗaukar jirgi muna da doka tun kafin a haife ki: ba a yi wa direba hannu, ba a kiran sunansa, ba a haska masa wuta. Idonsa na hanya ne. Na taɓa ganin wani sakarai ya haska wa direba fitilar kyamara a kwana, saura ƙiris a taka mai keke, mu da kanmu muka kore shi daga wurin. Direban da ban sani ba ma ina kiyaye masa wannan, balle 'yata a ranarta ta farko, da rayukan mutane a bayanta. Da na ɗaga hannu kin juyo, wani ya gifta fa? Rashin ɗaga hannun nan ita ce gaisuwar da na iya.

Kuma kada ki saurari Oguri in ya rubuto miki, don ya ce zai rubuto. Yana yawo yana gaya wa 'yan ƙungiya wai ratsawarki ta farko, lokacin rana na ƙasa ana ganin cikin gilashi sarai, na tsaya riƙe da igiyar danna kyamara ban danna ba har kika wuce. Iskar kogi ce ta watsa mini ƙura a ido, shi ke nan. Duk wanda ya tsaya a gadar nan ya san iskarta. Na ga hular, na ga har yanzu ta yi miki yawa, na ga farar safar. Sai ƙurar. Da kika sake zagayowa rana ta hau, na yi abin da hannuna ya saba.

Hoton ba shi da aibi, wannan ba zan janye ba. Amma na ɗora shi a akwatin magabata na zauna, na dubi uwarki na dube shi, sai na ji kamar tana faɗin abin da ta saba: “Kiyoji, wani jirgin kuma?” Na sauke shi.

Kifin da kika ci na mutum biyu, rabona na nan a wuyanki.

Damina ce yanzu, ba rana, gilashi sai ruwa. A irin wannan yanayi mai hankali ba ya fito da kyamara. Ki dai gaya mini ranakun aikinki na watan gobe. Ban ce zan zo ba. Tambaya ce.

Ubanki

Kochi, 4 ga Yuli

Baba,

Sannu da dawowa. Ina lafiya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, takalmana ba su bushe ba tun makon jiya.

Likita Oguri ya rubuto. Ya ce a ranar ko ganye bai motsa ba a gadar. Ya ce ya miƙa maka hankici ka ce masa ya tsaya ga haƙori. Ni ban ce komai ba, na dai faɗa maka abin da ya ce.

Na ba dattijo Nakahira labarin dokarku. Ya ce, “Ubanki ya san aikinki. Ke ma da kin ɗaga masa hannu, da na karɓe hular.” Sai na tuna ashe ni ma ban ɗaga maka ba. Mu biyu muka yi ƙiƙam kamar gumaka.

Amma har yanzu ba abin da Mama za ta tarar. Na tambaye shi ta ina ake ganin fuskar direba a damina. Ya ce daga waje babu. Wuri ɗaya ne, kujerar farko da ke bayana. Akwai madubi a saman kaina da nake duba fasinja da shi, wanda ya zauna nan yana ganin fuskata a ciki. Ya ce in an nemi izini a ofis, ba fitila, ba magana, za su bari. Na ce masa a bar zancen, ubana ba ya hawa, ya riga ya rantse gaban likitan haƙori. Ya ce, “To sai mu ga wanda ya gaji taurin kai a wurin wani.”

Ina aikin safe Talata da Alhamis da Asabar duk watan nan. Ban ce ka zo ba. Amsa ce.

Sai ƙarshen wata ake tabbatar da masu aikin Obon. Sunana na nan tukuna.

Chizuru

Sakai, 21 ga Yuli

Chizuru,

Na iso gida lafiya. Gwiwa ta ɗan yi magana saboda ruwa, na ce mata ta yi shiru. Ina fata kin huta.

Tunda a wurin cin kifi ke da Nakahira kun hana ni magana da surutunku, bari in rubuta yadda abin ya kasance, kada a canja shi a bakin Oguri.

Na je ofishinku da kwalin alawar Sakai, na sunkuya wa wani da bai kai manajana shekaru ba. Ya ce, “Kai ne mai gajimare?” Ashe sunan da suka sa mini ke nan. Na ce ni ne. Ya ce ina iya hawa.

Na tsaya a tashar kasuwa cikin ruwa. Da 613 ya taho, ƙafata ta nemi ja da baya ta nemo kusurwa, sabo ba wasa ba. Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa mai kwandon citta ta ce daga bayana, “Maigida, in hawa za ka yi ka hau, in kuwa aurensa kake nema ka matsa.” Na hau. Ta riga ni kujerar farko, wai tata ce kullum. Na sunkuya na roƙe ta. Ta ce, “Me ke cikin kujerar?” Na ce, “'Yata ce ke tuƙi.” Ban san da ƙarfi ya fito ba sai da na ga kowa ya juyo. Ta matsa, ta ce wa jama'a, “Uban direba ne, ku yi masa haƙuri, yau ya fara.”

Akwai abin da ba wanda ya taɓa gaya mini: ashe magana kike yi. Daga waje ba a ji. Kowace fitila, kowace kwana, ki miƙa farar safar nan ki nuna, ki ce, “Hanya a buɗe. Mu tafi.” Muryar uwarki sak, lokacin da take kiran ma'aikata cin abinci. Muka wuce tasha bayan tasha kyamara na kan cinyata, har tsohuwar ta zungure ni ta ce, “Ɗauka ka zo ko kallo?”

A kan gadar na ɗauka. Ba haske, ba ƙafar kyamara, tarago na rawa. Ko sau ɗaya ba ki dube ni ba, na lura, haka kuma ake so.

Ga shi nan cikin kwali. In gaya miki gaskiya a matsayina na wanda ya san aikin, hoton banza ne. Ya karkace. Ba a ganin lamba, ba a ma ganin taragon. Rabin kwandon citta ya shigo ta gefe. Gilashin gaba duk ɗigon ruwa. Abin da ya fito ras shi ne bayanki, da hannunki a miƙe, da ɗan madubin nan a sama, fuskarki a ciki, sabuwar hula ta zauna daidai, baki a buɗe kina faɗin abin da kike faɗa. Na nuna wa Oguri, ya juya shi sama da ƙasa ya ce, “Ina jirgin?” Na ce, “Likita, muna ciki.” Ya ce shugaba ba zai rataye wannan ko a bayan ƙofa ba. Na ce ba na shugaba ba ne.

Saurayin nan na Hakodate ya yi gaskiya a abu ɗaya, jirgi yana kuka a kwana. Kada ki gaya wa kowa na faɗa. Ban zama ɗan hawa ba. Bin ki da na yi har ƙarshen layi na dawo, ruwa ne ya hana ni sauka.

Na uwarki na sa shi a firam, amma ban ɗora ba. Yana nan jingine kusa da akwatin, fuskarsa a bango. Ba ni zan ɗora ba. Wadda ke ciki ita za ta miƙa wa uwarta da hannunta. In aiki ya hana, sai ya jira baɗi. Ni dai ba na tsayar da mai aiki.

Ubanki,
Kiyoji

Kochi, 28 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta ji magana. Ina lafiya, damina ta ɗauke.

Hoto ya iso. Wannan karon ban kai shi bakin taga ba.

Gyara ɗaya. Ka ce ban dube ka ba. Duba madubi a kowace tasha dole ne, tamu dokar ke nan. A kowace tasha na gan ka. Na kuma ga ƙurar gadar nan ta biyo ka har cikin jirgi ta shige maka ido, ga tagogi a rufe.

Dattijo Nakahira ya karɓi aikina na Obon, ya ce matarsa ta gaji da ganinsa a gida. Zan iso ranar sha uku ga Agusta da rana, kafin a kunna wutar tarbar Mama a ƙofa. Kada ka juyo da firam ɗin.

Ka zo tasha, ka bar kyamara a gida. Ranar ba ni ke tuƙi ba, kana iya ɗaga hannu.

'Yarka,
Chizuru